Biskitin Cuku

A gidanmu na GRA a birnin Katsina mun saba gasa biskit mai zaƙi kowace Salla. Da likita ya hana kakarmu sukari, sai ta riƙa zama tana duban faranti, ba ta cewa uffan. Abin ya dame mu ƙwarai.

Ana nan sai wani baƙo ya zo mana da tsarabar cuku daga Maraɗi, irin wanda Buzaye kan shanya har ya bushe ƙayau. Muka ce bari mu jarraba. Da fari muka kakkarya shi cikin kwaɓin, ya fito da tauri sai ka ce tsakuwa. Muka sake dabara, muka daka shi lukui a turmi, muka haɗa da fulawa kofi 2, da man shanu, da ƙwai, da ganyen ɗoɗɗoya, da masoro kaɗan. Kafin minti 20 a wuta ƙanshi ya game gida.

Biyu kaɗai muka ba Kaka, gama fulawa ma ba ta da kirki ga mai ciwon sukari in ta yi yawa. Ta tsoma ɗaya cikin shayi, ta ci, ta ce, "Madalla jikokina, bana da ni aka yi Salla."