Tazarar Takarda Ɗaya

Harsasai biyar na farko sun faɗa wuri guda, har tafin hannun yaro zai iya rufe ramukansu. Biyar na biyu kuwa suka watse, suka gangaro ƙasa ta hagu kamar awakin da aka koro daga gona. Bindiga ɗaya ce, harsasan daga kwali ɗaya, nisan ma ɗaya, yadi 100, wato kimanin mita 91. Abin da ya bambanta shi ne, da farko na ɗora bindigar a kan buhun yashi, daga baya kuma na naɗe igiyar ratayarta a damtsena na ja ta tamau, kamar yadda na ga masu gasa suna yi.

Wata Asabar ce cikin watan Agusta, a filin koyon harbi da ke bayan garin Dallas a jihar Texas, rana tana dukan mutum kamar ta Sakkwato a watan Afrilu. Na tsaya ina kallon takardar, ina ƙunƙuni cewa an sayar mini da bututun banza. Wani dattijo Bature da ke kan teburin kusa da ni ya cire abin toshe kunnensa, ya karɓi takardar ya duba, ya dubi bindigar, sannan ya ce, "Samari, bututunka lafiyarsa ƙalau. Kai ne kake lanƙwasa shi."

Na yi dariya, don a ganina ba yadda hannun mutum zai lanƙwasa ƙarfe mai kaurin babban yatsa. Shi bai yi dariya ba.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, shi ya kawo ni Amurka. Wani abokin aiki ne ya fara kai ni filin harbi, kuma abin da ya kama ni a wurin ba ƙarar ba ce. Natsuwar ce. Mutum ya wuni yana gina abin da ba ya taɓuwa da hannu, sai ga wani aiki da sakamakonsa rami ne a takarda, a sa ma'auni a auna, babu gardama. Bayan na sami katin zama na dindindin, sai na yanke shawarar harhaɗa tawa da kaina.

Samfurin AR-15 ne. Kamfanin ArmaLite ya fitar da shi a ƙarshen shekarun 1950 bisa tsarin injiniya Eugene Stoner, ya sayar wa kamfanin Colt a 1959. Abin da ya sa masu sha'awa suke ƙaunarsa shi ne ana harhaɗa shi gunduwa-gunduwa, kamar yadda muke harhaɗa kwamfutar tebur. Gangar jikinsa ta ƙasa ce ke ɗauke da lamba, ita ce doka ta sani a matsayin bindiga. Ita na saya a wurin dillali mai lasisi, na cike fam mai lamba 4473, aka tura sunana hukumar FBI ta bincika. Bututun kuma na ɗauki mai tsawon inci 16, domin dokar tarayya ta 1934 ta sa wanda bai kai haka ba a wani rukuni mai nasa sharuɗɗan. Sauran kayan na bi araha, ciki har da mariƙin gaba, wato rigar da ke lulluɓe bututu don hannun hagu ya sami wurin kamawa ba tare da ya ƙone ba. Ashe a nan gizo yake saƙar.

Tsohon mariƙi ɓari biyu ne na roba. Bayansa yana maƙale a wani zobe kusa da gangar jiki, gabansa kuma yana cikin wata 'yar hula da ke zaune a kan bututun kansa. Igiyar ratayar ma a gindin saitin gaba take, wanda shi ma a bututun aka kafe shi. Duk ƙarfin da hannu ya sa, ko igiya ta ja, ko buhu ya tokara, a kan bututu yake sauka. Karkatar ba ta kai ido ya gani ba, amma lissafi ba ya ƙarya: digiri ɗaya in an raba shi sittin, kashi ɗaya daga ciki yana zama kusan inci ɗaya a nisan yadi 100. Ga kuma girgizar da bututu ke yi duk lokacin da harsashi ya ratsa shi. Idan girgizar iri ɗaya ce kullum, harsasai za su taru. Idan yau an danne shi nan, gobe an danne shi can, kowane harsashi da inda zai nufa.

Maganin shi ne abin da zan kira mariƙi mai shawagi. Kwaroro ne guda na alminiyam, ana ɗaure shi a wuri ɗaya tak, a kan babban notin da ke haɗa bututu da gangar jiki ta sama. Daga nan har bakinsa ba ya taɓa bututun ko kaɗan. Ka matse shi, ka rataya masa igiya, ka jingina shi da dutse, bututun yana ciki abinsa.

Wannan bayani ya yi mini wuyar haɗiya, kuma na san dalili. Kakana na wajen uwa, wanda aka sa mini sunansa, maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Fartanya da lauje ne yawancin aikinsa, amma mafarauta kan kawo masa bindigar toka ya gyara. Ina yaro nakan ja masa zuga-zugi, ina kallo yana kwantar da bututu a cikin ƙota, ya bi shi da zobban ƙarfe yana bugawa har sai ya girgiza bai ji motsi ba. A wurinsa, abin da ya yi sako-sako bai gyaru ba. Da wannan na girma, sai ga shi ana ce mini gyaran a nan shi ne a bar rata. Daga baya na gane ba saɓani tsakaninsu. Kaka yana ɗaure bututun da zai harbi gada a taki talatin, babbar damuwarsa kada ya tsinke daga ƙota ya raunata mai shi. Ni kuwa inci ɗaya nake nema a wurin da ido da ƙyar yake hango takardar.

Zaɓen ya ci mini mako uku. Na buɗe jadawali a kwamfuta kamar mai shirin sayen gida. Abu na farko tsawo: dole mariƙin ya tsaya kafin bakin bututu, don wutar da ke fita kada ta same shi ko ta sami hannu. Na ɗauki mai inci 15. Na biyu faɗin cikinsa. Wannan bindiga da hayaƙin harsashi take sarrafa kanta: akwai ɗan rami a jikin bututu, da wani ɗan dunƙulen ƙarfe a kansa da ke karɓar hayaƙin ya tura shi baya ta wani siririn bututu. Dogon saitin gaba na tsohon tsari shi ne ke wannan aiki, kuma ba zai shiga cikin kwaroro ba, sai an musanya shi da gajeren dunƙule. Shi ma gajeren dole ya wuce ba tare da ya goga ba. Na uku nauyi, domin duk abin da aka ƙara a gaba, kafaɗa ce za ta biya.

Na huɗu shi ya fi ba ni nishaɗi, saboda rigima ce irin tamu ta masu manhaja: tsarin maƙala kaya a jikin mariƙi. Akwai tsohon layin Picatinny mai haƙora, wanda sojan Amurka ya amince da shi a 1995, mai ƙarfi amma mai nauyi da cizon hannu. Akwai KeyMod na 2012, mai ramuka kamar na makulli, wanda masu shi suka sake shi kyauta kowa ya ƙera. Akwai kuma M-LOK da kamfanin Magpul ya fitar a 2014, shi ma ba a biyan kuɗi, amma sai ka nemi izini ka bi ma'auninsu sau da ƙafa. Zuciyata ta karkata ga KeyMod, don ni mai son manhajar da aka buɗe wa kowa ne. Sai dai a 2017 an fitar da sakamakon gwajin da cibiyar sojan ruwa ta Crane da ke jihar Indiana ta yi wa tsarin biyu, M-LOK ya yi gaba, musamman a gwajin jefarwa ƙasa da na cire kaya a mayar da su daidai inda suke. Na haɗiye son raina na bi hujja.

Daren da zan ɗaura shi, na fara da abin da ake fara kowane aiki da shi: na tabbatar babu harsashi a cikinta, na sake tabbatarwa, na kai kwalin harsasan wani ɗaki. Na damƙe gangar sama a matsen ƙarfe da ke kafe a teburin gareji. Cire tsohon saiti ya sa ni gumi, don ƙusoshinsa masu tsini ne, ta gefe ɗaya kawai suke fita, ni kuma na ɓata rabin awa ina dukansu ta inda suke ƙara shiga. Bayan nan na shafa giris a zaren noti, na ɗaure na kwance har sau uku don zaren ya zauna, sannan na ɗaure na ƙarshe da sifana mai awon ƙarfi. Littafin soja ya ba notin asali tsakanin 30 zuwa 80 a ma'auninsu na fam-ƙafa, amma kowane kamfani da adadin da ya rubuta wa nasa, shi na bi. Na zura kwaroron, na daidaita layin samansa da na gangar jiki, na ɗaure sukurorinsa. Na ƙara masa 'yan ƙafafu biyu na jingina a ƙasa. Ya yi kyau har na ɗauke shi hoto.

Asabar ta zagayo, na koma fili da taƙama. Harsasai suka watse fiye da da.

Ranar ban yi wa kowa magana ba. Amma sana'a ta koya mini abu ɗaya: idan manhaja ta lalace bayan gyara, kada ka sake taɓa abu goma lokaci ɗaya, ka canja ɗaya ka gwada. Na cire ƙafafun jinginar na harba a kan buhu, harsasai suka taru. Na mayar da su, suka watse. A gida na yanko siririyar takarda na zura tsakanin mariƙi da bututu, tana tafiya salin-alin har ta zo daidai dunƙulen hayaƙi ta cije. Na haska tocila. Sukurun ƙafafun ya fi kima tsawo, ya ratsa ciki ya tokare dunƙulen. Na kashe kuɗi da mako uku don raba hannuna da bututu, sannan na mayar da shi da sukuru ɗaya. Na matsar da ƙafafun rami biyu gaba, takarda ta wuce ba tangarɗa.

Ina cikin wannan gwaji ne Inna ta kira ta bidiyo. Na ɗauka ban tuna abin da ke kan tebur ba. Muka gaisa, ta tambayi mai ɗakina da yara, sai ta yi shiru.

"Babana, mene ne wancan a bayanka?"

Na ce, "Bindiga ce, Inna. Ta wasanni ce. Takarda kawai nake harbi."

"Takardar me ta yi maka?"

Na so in yi dariya, amma fuskarta ta hana ni. A wurin Inna kalmar bindiga ta daɗe da tashi daga hannun mafarauta. Tana Funtuwa a watan Disamba na 2020 lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙanenta, kawuna, ya yi kwana arba'in da ɗaya a daji, sai da muka haɗa kuɗi har da nawa daga nan kafin ya dawo, kuma har yau ba ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa. Ƙauyen da maƙerar Kaka take, rabin gidajensa sun zama kango. Ni kuma ga ni a gareji mai fanka, ina auna inci.

Na fara kawo mata bayanin lasisi da binciken hukuma. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kakanka ba ya mayar wa mutum bindiga sai ya san ubansa, ya san unguwarsu, ya san Sarkin Baka ya san da shi. Ya sha riƙe ta wani har mai ita ya yi fushi. Kai a can wa ke tsaye a kanka?"

Ban sami amsa a take ba. Fam mai lamba 4473 ya tambaye ni sau ɗaya, ranar saye, daga nan ya sallame ni. Tambayar Inna ta kullum ce, ta ranar da na yi fushi, da ranar da na gaji, da ranar da ɗana mai shekara biyar zai fara buɗe-buɗe. A makon nan na sayi akwatin ƙarfe mai nauyi na kafe shi a bango. Harsasan suna wani akwati dabam, makullinsa yana hannun matata, sai na tambaye ta nake samu, kuma tana da ikon cewa a'a. Ta taɓa cewa sau ɗaya, ranar da na dawo daga ofis raina a ɓace na ce zan je in huce a fili. Na ji haushi, na kwanta, gari ya waye na gode mata.

Ban sayar da bindigar ba, kuma ba zan ce zuciyata ta gama daidaita tsakanin garejin Dallas da hanyar Funtuwa ba. Na daina dai sa hotonta a zauren WhatsApp na danginmu, inda wasu ke kwana da takalmi a ƙafa.

Da na koma fili, na harba biyar a kan buhu, biyar da igiya a damtse, biyar a kan ƙafafun jingina. Duka goma sha biyar suka taru a wurin da bai fi inci biyu ba, sai guda ɗaya da ya fice dama. Dattijon nan ya nuna shi da yatsa ya dube ni. Na ce masa na sani, na fizgi kunama ne kafin in gama sakin numfashi. Ba sauran abin da zan ɗora wa laifi.

Da daddare na tura wa Inna hoton takardar, ita kaɗai, tare da hoton akwatin a kulle. Da asubarsu saƙon muryarta ya shigo, gajere, ana jin carbi yana motsi a hannunta.

"Na gani, Babana. Allah Ya sa iyakarta takarda."

Na ce amin.