ALLURAR DUTSE A ƘASAR INGILA

Duk wadda aka ambata mata Ingila, abin da zai fara zuwa mata a rai shi ne Landan da dogayen benaye da jar bas mai hawa biyu. To, can arewa maso yammacin ƙasar akwai yankin da ake kira Lake District, wato yankin tafkuna, inda ba abin da za ki gani sai duwatsu da tumaki da ruwan sama marar gajiya. A nan tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Ingila yake, Scafell Pike, mita 978, a nan kuma tafkin da ya fi zurfi yake, Wastwater, mita 79.

Ni dai ba su suka kai ni ba. Wani siririn dutse ne da ke tsaye shi kaɗai a jikin tsaunin Great Gable, sunansa Napes Needle, Allura ke nan. Tsawonsa kimanin mita 20 ne kacal, igiya guda ta ishe shi, amma wallahi idan kika tsaya a gindinsa kika ɗaga kai sai cikinki ya ɗuri ruwa, domin bayansa gangare ne har ƙasan kwari.

A shekarar 1886 wani Bature mai suna Haskett Smith ya hau shi shi kaɗai, ba igiya ba mataimaki, ya bar hankicinsa a ƙwanƙoli don shaida. Da yawa daga wannan hawa suke ƙirga farkon wasan hawan dutse a Ingila. A 1936 ya sake hawa, lokacin ya haura shekara 70. Oh ni 'yasu, tsufa bai hana shi ba!

Mun taso daga ƙauyen Wasdale Head da sassafe, ni da maigidana da wata Baturiya mai koyar da hawa wadda ta kusa sa'ar mahaifiyata. Mun shafe watanni muna koyo a bangon gwaji a cikin gari kafin ta yarda ta kawo mu. Tafiyar ƙasa kaɗai ta ci kusan awa 2, kan tsakuwa mai zamewa. Wadda ta saba da matakalar Dala kada ta ce ta san hawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne al'adarsu. A duwatsun nan ba a huda dutse a kafa ƙarfe. Mai jan gaba za ta ɗaura igiya a ɗamarar ƙugunta, tana hawa tana cusa wasu 'yan ƙarafa kamar ƙwallon dabino a cikin tsagar dutse, ta maƙala igiyar da ƙugiya. Idan ta zame, ƙarfen nan ne zai tare ta, tare da hannun wanda ya riƙe igiya a ƙasa. Mai biyowa ita za ta zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, a bar dutse yadda Allah Ya halicce shi. Saboda haka ranki yana hannun mutum biyu: wadda ta sa ƙarfe da wanda ya riƙe igiya. A ma'auninsu wannan hanya matsakaiciya ce, ba ta ranar farko ba ce, ba kuma sai gwanaye ba.

Malamar ta hau, maigida na sakar mata igiya. Da ta kai sama ta kira ni. Na gyara ɗankwalina a ƙarƙashin hular kwano, na ja doguwar rigata kan wando, na yi bisimilla.

"Yaya, in na faɗo fa?"

"Haba ƙanwata, igiya ce a jikinki. Ki dubi inda za ki sa ƙafa, kada ki dube ni."

Shi kuwa gogan naku cewa ya yi shi ne mai ɗaukar hoto, ƙafarsa ba za ta bar ƙasa ba. Na dai yi shiru, ba a tona asirin miji a gaban baƙuwa.

Farkon hawan wata tsaga ce mai faɗi da ta karkata, kina cusa ƙafa kina turawa har ki isa wata kafaɗa inda za ki numfasa. Daga nan ne ake yin ta. Dutsen ƙarshe ya tsaya kamar tulu a kan gammo, kuma takalman mutane na fiye da shekara 100 sun goge shi ya yi sulɓi kamar tangaran. Dole ki dafa wani ɗan tudu da tafin hannu, ki ɗaga jikinki kamar mai haura katanga, ki kawo ƙafa inda hannunki yake, sannan ki miƙe tsaye babu abin kamawa na kirki. Nan gwiwata ta shiga kaɗawa. Na tsaya ina ta innalillahi a zuci, iska na kaɗa gefen rigata, malamar tana cewa a hankali in shaƙi numfashi, igiya na hannunta. Na shaƙa, na dafa, na miƙe.

Saman bai fi faɗin ƙaramar tabarma ba. Daga can na hango Wastwater a shimfiɗe, tumaki kamar an watsa farar shinkafa, maigida kuwa ya koma ɗan mitsitsi yana ɗaga mini hannu biyu.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin babu wani zobe a sama da za a rataya igiya. Ni an zuro ni a hankali kamar guga a rijiya. Ita malamar da ta rage ƙarshe, da hannu da ƙafa ta sauko ta wurin sulɓin nan, ta ratsa igiyar ta kan ƙwanƙolin, maigida ya riƙe ɗaya bakin, gumi na keto masa duk da sanyin. Ta ce mini a ƙasarsu mata sun daɗe da kafa ƙungiyar hawan dutse tasu ta kansu, Pinnacle Club, tun 1921, kuma har yanzu tana nan.

Kafin mu gama naɗe igiya hazo ya rufe Allurar ruf, ruwa ya sauko. A jiƙe sharkaf muka isa Wasdale Head, la'asar ta kusa ƙwace mana.