“Da Sauƙi”: Wata Goma Sha Huɗu Bayan Aikin Baya

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Shugaban zumunta ya daɗe yana bina in rubuta shaida a kan aikin da aka yi mini a baya. Na yi ta ja masa rai, domin shaidar da muka saba ji a majami'a fasalinta ɗaya ne: na yi ciwo, an yi addu'a, na warke, a tafa wa Yesu. Tawa ba ta kai gaɓar tafi ba tukuna. Ya ce in rubuta ta haka nan. To, ga ta.

Waɗanda muka tashi tare a Dudunni sun san ni da ƙarfi. Buhun dawa ni kaɗai nake ɗora shi a amalanke, a gayya kuma ba a barina a baya. Ciwon ya fara kamar gajiyar noma, ya shekara uku yana ƙaruwa, har ya sauko ƙafar hagu. Ya zama daga gidanmu zuwa majami'a sai na tsaya sau biyu a hanya. An yi ƙaho, an sha sassaƙe, an je wajen mai ɗori. Daga baya aka tura ni Kano daga Kankiya. Hoto ya nuna cewa cikin ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya, na huɗu ya zame a kan na biyar, ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Likitoci suna ce musu L4 da L5. Aikin shi ne a buɗe wa jijiyar hanya, a ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi huɗu da sandunan ƙarfe biyu, a zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakani domin su haɗe su zama ɗaya. Shanun huɗar gidanmu biyu suka tafi a kai, da baikon da ikilisiya ta tara Lahadi biyu a jere, da gudummawar maƙwabtanmu Musulmi da ba zan manta ba. A watan Fabrairun bara aka yi.

Mutane da yawa sun ɗauka da an sa ƙarfe shi ke nan, an gyara. Ƙarfen nan kamar karan ɗori yake, riƙewa kawai yake yi kafin ƙashi ya kama. Haɗewar ƙashin takan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani ma ya wuce haka. Jijiyar da ta daɗe a danne kuwa ta fi ƙashi nawa. Likita bai ɓoye mini ba tun kafin aiki: ya ce ciwon ƙafa ya fi saurin tafiya a kan na bayan kansa, kuma wani yakan rage da ɗan saura. Sannan ya kafa mini doka uku na watannin farko: kada in sunkuya, kada in ɗauki kaya, kada in murɗa jiki.

Ku duba rayuwarmu ta ƙauye ku gaya mini abin da ake yi ba tare da waɗannan ukun ba. Fartanya sunkuyo ce. Jan guga sunkuyo ne. Tuwo a tabarma ake ci, a tabarma ake hira. Masai ma sai da wana ya huda mini kujerar roba. Ranar komawa asibiti, hawan babur daga nan zuwa Kusada, kowane rami sai na ji shi har tsakiyar kaina, kafin a kai ga titin Kankiya a nemi mota. Amma duk cikinsu babu wanda ya ci mini rai kamar ɗana mai shekara biyu, in ya miƙo hannu in ɗauke shi, ni kuma in shafa kansa kawai.

Makonni shida na farko gidanmu bai rabu da mutane ba. Zumuntar Mata sun zo da waƙoƙinsu da kwanukan abinci, dattawa sun zo, ku ma kun zo. Allah ya sāka. Sai ruwa ya sauka a watan Yuni, kowa ya kama gonarsa. Ba na ganin laifin kowa, damina ba ta jiran mai jinya. Sai dai lokacin da ƙafa ta ɗauke, lokacin ne jinyar gaske ta soma.

Akwai wani abu a harshenmu da ban taɓa lura da shi ba sai da na kwanta. In an ce wa mutum “yaya jiki?”, amsa ɗaya ce tak: “da sauƙi.” Ko mai shure-shuren mutuwa haka zai ce, ko masu jinyarsa su faɗa a madadinsa. Al'ada ce mai kyau, akwai kunya a ciki, akwai godiya ga Allah. Amma ta bar mai dogon ciwo ba shi da ƙofar da zai fito da abin da ke cikinsa. A wata na biyar nakan ce “da sauƙi” sau goma a rana, alhali ƙarfe ukun dare idona biyu, ƙafata kamar an watsa mata garwashi. Fura da nake so kamar me, sai in kurɓa sau biyu in ajiye. In na jiyo gangar mawaƙa suna koyon waƙa ranar Asabar, ni da na shekara takwas ina kaɗa ta, sai in juya fuska bango. Na kashe waya. Matata ta yi magana in amsa da kalma ɗaya. Tunani guda ne ke ta dawowa: an sayar da shanu saboda ni, ga shi ƙannena suna noma da hannu, ni kuma ina kwance kamar buhun da aka jingine. In na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in karanta layi ɗaya sau biyar bai shiga ba. Akwai daren da addu'ata duka ita ce Allah ya sa kada in farka.

Masu ƙauna sun ba ni magana iri-iri. Wani ya ce mai bi ba ya baƙin ciki. Wata ta ce in binciki kaina ko akwai zunubin da ban tuba ba. Wasu sun raɗa wa Inna cewa sammu ne. Wani baƙon mai wa'azi da aka kawo gidanmu ya ce in cire bel ɗin da ke ɗaure a bayana in sunkuya in taɓa ƙasa, in dai ina da bangaskiya. Na ce masa ya yi haƙuri, likita bai ba ni izini ba. Ɗakin ya yi tsit. Baba Fasto ne ya fitar da ni kunya, ya ce masa, “Malam, Allahn da muke roƙo shi ya ba likitan ilimi. Mu yi addu'a yana kwance, ai tana isa.” Da na biye masa a lokacin da ƙashi bai kama ba, da wataƙila wani labarin ake yi yanzu.

Baba Fasto ne kuma ya bar mini surar da na sa a sama. Ku karanta ta da kanku, a hankali. Iliya bai daɗe da ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel ba, a gaban annabawan Ba'al 450. Babu mai cewa mutumin nan ba shi da bangaskiya. Amma da saƙon Yezebel ya iso, sai ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Na sha karanta wurin nan a makarantar Lahadi, har na koya wa yara, amma sai a kan gado na ga abin da Allah ya yi masa da farko. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa. Iliya ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta, ba a tsawata masa ba. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi abinci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, kuma ya bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu, kalma ɗaya bai canza ba. Daga nan ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Barci da abinci ne suka fara zuwa, wa'azi yana can baya. Mu a namu zuwa dubiya, sau da yawa da wa'azin muke farawa, a kansa kuma muke tashi.

Wadda ta fara buɗe maganar a asibiti matata ce. A zuwanmu na wata bakwai likita ya tambaye ni jiki, na ba shi amsar da kuka sani. Sai ta ce, “Likita, ba ya barci, ba ya ci, ba ya magana.” Ya ajiye biro ya yi mini tambayoyi, ya ce wannan ciwon damuwa ne, kuma yana yawan biyo dogon ciwo da babban aiki irin nawa. Ya ce in baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu suna hana mutum barci da ci da harkokinsa, to ya zama abin dubawa a asibiti. Ya bayyana mini cewa su biyun ciyar da juna suke yi: ciwo ya hana barci, rashin barci ya nauyaya zuciya, zuciya mai nauyi kuma ta ƙara wa ciwo zafi.

Da ya ce zai haɗa ni da likitan wannan fanni, gabana ya faɗi, domin a wajenmu da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi Dawanau, a ce wane ya zare. Wannan tsoro yana cutar da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon damuwa sun kai kusan miliyan 280 a shekarar 2019, masu ciwon ƙasan baya kuma miliyan 619 a shekarar 2020. A Nijeriya ma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon kowane mai irin wannan lalura a matsayin mahaukaci. Doka ta canza, bakinmu ne bai canza ba.

An ba ni wani magani na dare mai rage raɗaɗin jijiya da nauyin zuciya tare. Ba zan faɗi sunansa ba, na san halinmu da kemis. Sai da ya yi kusan wata kafin in ga bambanci, kuma an gargaɗe ni kada in yanke shi da kaina. Tunda na zo kan magani, bari in yi wa samari magana. Wani abokina ya kawo mini tiramol cikin tausayi, ya ce shi yake sha ya yini yana noma bai ji ba. Na mayar masa. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasan arewa har gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da haɗa shi a 2018, tiramol kuma ga shi nan a aljihun 'yan'uwanmu, har da masu zuwa sujada. Ko magungunan ciwon jiki da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa, likita ya hana ni wasunsu a watannin farko domin suna iya rage saurin haɗewar ƙashi. Sigari ma haka take yi.

Bayan magani sai tafiya. Masu gashin ƙashi suka ce ita ce babban aikina. Na fara daga ɗaki zuwa zaure, sannan zaure zuwa rijiya, sannan har gindin kukar bayan gari. Wata rana a ci gaba, wata rana a koma baya, ba a san dalili ba.

Sai kuma wata tsohuwa ta Zumuntar Mata, ba zan faɗi sunanta ba domin za ta yi mini faɗa. Tun daga tsakiyar damina, kowace Laraba takan zo da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna a bakin ƙofata tana ɓarewa. Ba ta taɓa tambayata jiki ba. Takan ce, “Ɗana, sannu,” shi ke nan. A zuwa na uku ta ɗora tire a kan turmi daidai tsayin hannuna ta zuba mini rabi, ta ce, “Hannunka ai ba a yi masa aiki ba.” Wannan ne aiki na farko da na yi wa wani cikin wata shida. A wajenta na fara faɗin abin da na roƙa a wancan dare. Ba ta firgita ba, ba ta kuma yi shiru da shi ba: ta sa na gaya wa matata da Baba Fasto a ranar. Duk wanda irin wannan tunani ya zo masa, ko aka gaya masa, haka ya kamata ya yi, kada ya bari ya kwana. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa a littafin duka.

Ku ma, matasa, da kuka yi gayya kuka yi mana maimai a gonar gero, na ji muryoyinku daga nesa. A ranar ban iya fitowa in gode muku ba. Na gode.

Ga inda nake yanzu. Hoton da aka ɗauka bayan shekara ya nuna ƙashi ya kama. Ciwon ƙafa ya ragu sosai, amma yatsu biyu har yau kamar ba nawa ba, kuma hunturun da ya wuce bayan ya sha mini kai. Ina tafiyar kusan awa guda da safe. Ina ɗaukar ɗana in an miƙo mini shi ina tsaye. Fartanya kam likita ya ce in haƙura da ita, shi ya sa na fara kiwon kaji da awaki, wana ya ɗaga mini kwamin abincinsu sama. Barci ya dawo yawancin darare, akwai kuma ranakun da gajimaren yake komowa, sai dai yanzu na san sunansa, gidanmu ma sun sani. Ina roƙon cikakkiyar warkewa kullum, ban daina ba. Nakan kuma tuna Yakubu ya bar Feniyel da albarka da sabon suna, yana ɗingishi.

In kun gan ni na tashi tsakiyar wa'azi na koma bayan majami'a na tsaya, ba raini ba ne, bencin ne ba na iya wuce minti talatin a kansa. Ku yi mini addu'a a kan komawa asibiti wata mai zuwa, da kuma damina ta biyu da ke tafe ba shanu.

Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu da ya karye a ƙugu, wata biyar ke nan yana kwance, kun san gidan. Ina zuwa wajensa kowace Alhamis da ƙafa. Mai son rakiya ya same ni a ƙofar majami'a da ƙarfe huɗu na yamma. Tafiyata a hankali take, sai ku yi haƙuri da ni.