Rigar da na tsinta a gwanjo

Ba sayayya ta kai ni Marché Central ba ranar. Wata Asabar ce cikin Agusta, ruwan Douala yana ta zuba ba ƙaƙƙautawa, sai na fake a rumfar wani ɗan gwanjo ina jira ya tsagaita in hau benskin in koma New Bell. Don kada in tsaya haka kawai, na shiga jujjuya tulin labule da zannuwan gado da ke gabana. Can ƙasa hannuna ya taɓo wani abu mai nauyi da kaushi. Na jawo shi, sai ga babbar riga ta saƙi, da aikin aska takwas a ƙirji.

Mai rumfar, wani saurayi Bamileke, ya ɗauka mayafin kujera ne. Ya ce in kawo sefa 5,000, muka daidaita a 3,000. Da na tambaye shi ko cikin dila ta zo daga tashar jiragen ruwa, ya ce a'a, wasu samari ne daga unguwarmu suka kawo masa akwati guda na kayan tsohonsu da ya rasu.

Bayan la'asar na kai ta wurin wani tsohon tela da ke zama kusa da babban masallaci. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya daɗe yana shafawa. Ya nuna mini yadda aka saƙa ta ƙwarya-ƙwarya aka harhaɗa da allura, ya ce zaren aikin tsamiya ne, irin wanda ake samu daga gidan tsutsa. Ya ce a Kano ko Zariya ko Bida mai ɗinki kan shafe watanni a kan riga ɗaya irin wannan. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, nawa ka saya?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ko kuɗin zaren ba ka biya ba."

Da farko murna na yi, na ce na yi tsintuwa. Da dare kuwa barci ya gagare ni. Na tuna da ni ma, bayan rasuwar mahaifinmu, da hannuna na kwashe rigunansa da tasoshin tagulla na mahaifiyarsa na miƙa wa dillali, don ɗakin ya yi mana kaɗan, kuɗin haya kuma ya taho. Ban tsaya tambayar kowa ba. Kakanninmu sun ɗauko irin waɗannan kaya daga arewa, sun zauna da su a New Bell tun zamanin Turawa, sun kāre su daga laima da gara, mu kuma muka rabu da su a yini ɗaya.

Washegari na koma na faɗa wa saurayin gaskiyar abin da ya sayar mini, na ƙara masa 10,000. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin mai saye ya dawo da ciko ba. Na roƙe shi in samarin nan sun sake zuwa ya kira ni.

Har yau ba su dawo ba. Rigar tana nan cikin akwatina da kanumfari, nakan sa ta ranar Sallah. Idan masu ita suka zo nema, zan ba su abinsu.