Fayil ɗin da ban rufe ba

A hutun damina na koma Gangara domin tattara kalmomin noma na Hausar Damargu: sunayen irin gero, sassan rumbu, da abin da ake kiran kowane mataki daga shuka zuwa sussuka. Kakata ce madogarata. Ta ƙi yarda a naɗi muryarta. Ta ce, "Jikana, rubuta da hannunka, ba na magana da ƙarfe." Sai na zauna gabanta da kwamfuta, ina shigar da kowace kalma cikin wata ƴar manhaja da na rubuta da harshen Python.

Mun yi yini guda. Da la'asar batir ya mutu. Da na samu caji na kunna, sai na tarar da fayil ɗin yana nan da sunansa, amma babu ko harafi ɗaya a ciki.

Laifin nawa ne. Idan manhaja ta buɗe fayil tana rubutu, ba ta kai kowace kalma ma'ajiya nan take. Tana tara su a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kamar mai ɗiban ruwa da ba ya tafiya gida sai tulu ya cika. Tulun nan, a Python ɗin da nake amfani da shi, bayit 8192 ne, kuma aikin yinin bai cika shi ba. Rufe fayil shi ke juye abin da ya taru. Ni kuwa na buɗe tun safe, na bar rufewa sai ƙarshen aiki.

Tun 2006 Python ke da umarnin with, wanda ke rufe fayil da kansa ko da kuskure ya katse manhaja. Amma ko shi ba ya maganin ɗaukewar wuta, don haka yanzu kowace kalma buɗe mata nake yi, in rubuta, in rufe. Nakan kuma fayyace UTF-8 wajen buɗewa, saboda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne bayit biyu yake ci, kuma karatu da tsarin da bai dace ba yakan mayar da su shirme.

Washegari na koma wurinta ina jin kunya. Ta maimaita mafi yawansu. Akwai dai wata kalma da ta faɗa jiya game da geron da ya yi kai bai yi ƙwaya ba. Na tambaye ta har sau uku, ta ce ita ma ta shige mata.