Baƙar Kwalba Mai Murfi Ruwan Ɗorawa

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ni kuwa ban san zurfin wannan magana ba sai da na tuna wani Bature da mahaifina ya yi wa aikin kuku a Kaduna shekara goma sha ɗaya, daga 1974 zuwa 1985. A ɗakunan bayan gidansa na yi wayo, kuma da albashin da yake biyan Baba aka sa ni makaranta. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ba jita-jita ba ne, ganau ne ni.

Mutumin nan injiniya ne a wata masaƙa da ke Kakuri. Daga Lankasha ya fito, watau yankin nan na arewa maso yammacin Ingila wanda ya yi suna wajen saƙa, kuma mutanensa ne suka taimaka aka kafa masaƙar farko a Kaduna cikin 1957. Dogo ne, mai ƙarancin magana, ba ya faɗa, ba ya kuma wasa da lokacin cin abinci. Muddin uwargida tana nan, al'amarin kicin ba shi da wuya. Kowace Asabar za ta ɗauki Baba a mota su tafi kantin Kingsway ko na Leventis, su dawo da kwali cike da gwangwanaye da kwalabe: ganyen shayi, da garin kwastad na Bird's, da miyar kwalba da ake kira HP, da wake na gwangwani, da bota. A cikinsu duka akwai wata 'yar gajeriyar kwalba baƙa, mai tumbi, mai murfi ruwan ɗorawa, wadda ake ajiyewa a tsakiyar tebur kamar wata sarauniya. Sunanta Marmite.

Mai karatu, in ba ka taɓa ganin abin nan ba, to, kwatanta baƙin maɗi mai kauri, amma maimakon zaƙi sai gishiri da wani ɗan ɗaci. Tun 1902 ake yin sa a garin Burton na Ingila, daga ragowar yis ɗin da masu dafa giya suka gama amfani da shi. Baba ya sha lasa don ya ji yadda zai sa shi a romo, amma ran da ya ji asalinsa sai ya daina, ya koma auna shi da ido. Shi kuwa Maigida kullum safiya sai ya gasa burodi, ya shafa bota, sa'an nan ya lakato wannan baƙin abu da bakin wuƙa ya bi sama da shi siriri. In ya kai baki yakan rufe ido na ɗan lokaci. Ni da ƙannena mukan leƙa ta taga muna dariya.

Ba dukkan abincinsu ne sai an kawo daga waje ba. Wanda ya fi so da dare shi ne wani dahuwar mutanen Lankasha: a jera naman wuyan rago da albasa a tukunya, a rufe su da yankakken dankalin Turawa, a sa a tanderu har saman ya yi ja. To, rago dai ga shi a zango, albasa ga ta a kasuwa, dankali kuwa daga Jos ake lodinsa. Maigida da bakinsa ya ce ko mahaifiyarsa ba ta fi Baba iya wannan ba. Abu guda ne suka yi sharaɗi a kansa tun ranar farko, watau naman alade da wani tsiran jini da suke ci. Baba ya ce hannunsa ba zai taɓa su ba, Bature kuwa bai taɓa saɓa wannan alkawari ba.

Cikin 1982 abubuwa biyu suka faɗo tare. Uwargida ta koma Ingila da yara saboda makaranta, sa'an nan a watan Afrilu gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta fito da matakan tsuke bakin aljihu, domin kuɗin man fetur ya faɗi, aka ƙuntata shigo da kaya daga waje. Sannu a hankali kantoci suka fara yin fayau. Yau a ce babu cuku, gobe a ce babu kwastad. Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, sai ya zama madara da sukari da sabulu ma sai an bi dogon layi. A watan Afrilu na 1984 aka canja kuɗi, aka kuma rufe kan iyaka, har ɗan botan Faransa da wani direba yakan kawo mana daga Maraɗi ya yanke.

A nan ne na ga hankalin Baba ya tashi. Ba tausayin Bature kaɗai ne ya dame shi ba, ko da yake akwai wannan. Turawan unguwar suna ta ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tafi, kukunsa da boyinsa da mai gadinsa sai su kwashe iyali su bar ɗakunan baya cikin mako guda. Wata rana da dare na ji yana ce wa mahaifiyata, "Mutumin nan ba mata, ba 'ya'ya a kusa. In tebur ma ya juya masa baya, me zai zauna yi? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Baba bai yi boko ba, don haka ni ne na zama idonsa. Ya ɗauko tsohuwar kwalbar HP, mai hoton majalisar dokokin Ingila, ya ce, "Karanta mini abin da suka zuba a ciki." Na zauna da ƙamus ina bin kalma ɗaya ɗaya. Sai ga tumatir, ga dabino, ga tsamiya. Baba ya riƙe baki. "Tsamiya? Wannan ta kunun azumi?" Na ce, "Ita fa, Baba." Ashe abin da ake ɗorawa a jirgin ruwa daga Ingila, rabinsa yana nan zube a babbar kasuwa ana auna shi da gwangwani! Kwana uku yana gwaji, yana ƙara kanumfari yana rage sukari, ran na huɗu ya ɗura a kwalbar ya ajiye a tebur bai ce uffan ba. Maigida ya ci, ya dube shi, ya ce a ƙara yin wata.

Kwastad ya fi ban dariya. Baba ya haɗa na gaske, da ƙwan zabi da madarar shanu, amma Bature ya ce ba haka yake so ba, shi na gwangwani ya saba da shi. Daga baya na karanta cewa wani mai haɗa magunguna, Alfred Bird, shi ne ya ƙago garin nan a Birmingham cikin 1837, don matarsa ba ta iya cin ƙwai, kuma ba kome ne jigonsa ba illa garin masara. Watau mutumin nan kwaikwayon yake bege, ba ainihin ba, domin shi aka ba shi yana yaro.

Marmite ce ta gagara. Da Baba ya shinshina, sai ya ce ai wannan 'yar'uwar daddawa ce. Ya daka daddawar kalwa, ya dafa da gishiri har ta yi kauri, ya tace, ya shafa a gasasshen burodi. Rashin tuwo akan ci wake a kwana. Maigida ya gatsa sau ɗaya, ya tauna a hankali, ya ajiye. Ya ce, "Na gode, Kuku. Amma ba ita ba ce." Ban taɓa ganin fuskar Baba ta faɗi kamar ranar ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da zai zama rashin kara ga wanda ya yi mana alheri. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan ya yi ƙanshin miyar kuka yana shiga masa ta taga, bai taɓa cewa a ɗiba masa ya ɗanɗana ba. Da ya yi haka tun da wuri, da watakila daddawar nan ta karɓe shi a ranar da ya buƙace ta. Sai dai kuma ni ma da aiki ya kai ni Fatakwal na yi wata biyu ina zagaya kasuwa neman kuka, ga kifi ɗanye iri iri a gabana ban ko dube shi ba. Tun daga nan na rage tsananta masa.

Kukun Turawa suna da zumuncinsu, kuma ta nan Baba ya ji cewa wani Bature a can wajen filin sukuwa zai tashi. Ya hau kekensa da tsakar rana, ya dawo da rabin kwalba naɗe a tsumma, wadda ya saya daga kukun gidan da kuɗin aljihunsa. Ya yi ta tattalinta kamar turaren miski, bakin wuƙa ɗaya kowace safiya, har ta kai wata huɗu. Da ta ƙare ya zuba ruwan zafi ya girgiza ya juye a romo.

Duk da haka Maigida ya tafi a cikin 1985, don kwangilarsa ta ƙare ba a sabunta ba. Ya sallami Baba da albashin wata shida da keken ɗinki na uwargida, muka koma haya a Tudun Wada, Baba ya kafa teburin shayi a bakin titi. Cikin tarkacen da muka kwaso har da baƙar kwalbar nan. Mahaifiyata ta wanke ta da toka ta shanya, kuma a cikinta take ajiye dakakkiyar daddawa har Allah ya yi mata rasuwa. Yanzu tana wurin ƙanwata a Zariya, murfin ya tsage an ɗaure shi da zare.