Ƙullin da Na Rufe da Fenti

Duk kwale-kwalen da ya tashi daga bakin ruwan Yawuri, ko da inji a bayansa, za ka tarar da filafili kwance a cikinsa. Inji na mutuwa, mai na ƙarewa, tsohon taru na naɗe farfela. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da gonaki da dazuzzuka, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, kuma a wurare da yawa gwangwala ba ta taɓa ƙasa. Can ƙarƙashi ga kututturan itatuwan da ruwa ya binne, suna tsaye har yau. A irin wannan ruwa, in inji ya yi shiru, bayan Allah sai wannan ɗan icce. Na san da haka sarai lokacin da na sassaƙa wani na ba taubashina, alhali na ga aibi a wuyansa.

Kawuna masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, ƙotar fartanya, duk yana yi, amma Sarkawa da Gungawa filafili ke kawo su zaurensa. Bai yarda da kirya ba, don nauyinta kan gajiyar da kafaɗa kafin a kai tsakiyar ruwa. Rimi kuwa laushi gare shi, ga shan ruwa. Maɗaci yake nema, miƙaƙƙen gindi wanda reshe bai fito masa ba. Ba ya sa masa zarto. Da gatari da turaku yake tsaga shi, ya yar da tsakiyar don ita ke fara darewa, ya jingine sauran a inuwa har damina ta wuce, hunturu ya bi ta kansu. Yakan ce zarto ra'ayin mai shi yake bi, tsaga kuwa ra'ayin icce take bi. Abin nufi, jijiyoyin icce a miƙe suke tun daga gindi har sama. In an tsaga, kowace jijiya tana tafiya daga mariƙi har bakin filafili ba yankewa. In an yanka da zarto, sai a datse su a karkace, ƙarfin ya tsaya rabin hanya.

Sai ka ga aikinsa da gizago. Ya zauna, ya take iccen da ƙafa, yana sara gajere-gajere, ɓawon na zuba a kan yatsunsa. Yakan bar ɗan doro ya gangaro daga wuya zuwa tsakiyar faffaɗan bakin, ya sirance gefuna. Mariƙin ba ya zagaye shi sosai, yakan bar kaurin ta ɓangaren da ruwa zai tura. In ya kusa gamawa sai ya rufe ido ya bi shi da tafin hannu, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya shafe da man kaɗe. Daga nan ya ɗora kai ɗaya kan dutse, ya danna wuyan da gwiwa, ya kasa kunne. Wuya yake gwadawa domin nan ne hannun ƙasa ke riƙewa, nan ne ƙarfin mutum da na ruwa ke haɗuwa.

Ni kuwa na dawo daga makarantar koyon sana'a da zarto da fensir da girman kai. A ganina Kawu ɓata lokaci yake yi. Na je wurin 'yan katako na sayi falle mai santsi, na zana siffa, na bi layi na yanke. Ina cikin gogewa sai wani baƙin ƙulli ya bayyana daidai wuya, gurbin reshe, bai wuce faɗin kwabo ba. Jijiyoyin sun kewaye shi sun fice ta gefe. Na danna da farce, na ji ya motsa.

Iyakar rashin sanina ke nan. Abin da ya biyo baya da sanina na yi shi. Na ƙwaƙule ƙullin, na kwaɓa garin katako da gam na cike ramin, na goge, na bi da shuɗin fenti har shafi biyu, na yi wa bakin farin zane. Ban kai wa Kawu ya gwada ba, don na san abin da gwiwarsa za ta faɗa. Da na miƙa wa ɗansa, wanda ke ƙetarar da albasa zuwa kasuwa, sai ya ɗaga shi sama yana dariya ya ce, "Kai, bawana ya fara yi wa ubangidansa aikin kirki!"

Kogin Kwara sau biyu yake cika a wajenmu. Bayan ruwan damina akwai na biyu, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso. A lokacin ne abin ya faru, ga iska, ga hazo. Injin taubashina ya mutu da lodi, ƙaninsa ƙarami na zaune kan buhuna. Iska ta juya jirgin ta ba igiyar ruwa gefensa. Ya ɗauki filafilin ya kafa da iya ƙarfinsa don ya maido da goshin, sai ji ya yi ƙas, mariƙi a hannu, baki a ruwa. Buhunan albasa ya riƙa turawa cikin kogi don jirgi ya yi sauƙi, yaron na kwalfe ruwa da ƙwarya, har wasu masunta suka hango su. Allah ya tsare rai. Noman rani guda kuwa ya tafi.

Masuntan sun tsinto bakin. Kawu ya ajiye gutsattsarin biyu a gabana cikin zaure, ya sa farce ya ɓanɓaro busasshen gam.

"Ɗan nan, ka gani ko ba ka gani ba?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

Ya ce, "To. Da ba ka gani ba, da na koya maka sassaƙa. Yanzu me zan koya maka?"

Na daɗe ina juya hujjar da na ba kaina ranar fenti. Cewa na yi ai yana da inji, filafilin ado ne kawai, da wuya ya taɓa ruwa. A nan wautar take. Abin da aka ajiye don ranar tsanani ba a ɗaukarsa sai ranar, kuma ranar ba wanda ke lallaɓa shi. Da kullum ake tuƙi da shi, da ya tsage a bakin gaɓa an yi mini dariya an wuce. Saboda ajiyayye ne, aibinsa ya jira lokacin da ba a da wani. Haka birkin da makaniki ya ɗaure da waya yake, haka ginshiƙin da magini ya rage wa siminti ya shafe da filasta. Tun muna yara aka karantar da mu labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya gano, ya kira abin algus. Na ɗauka maganar 'yan kasuwa ce. Ban lissafa mai kyauta a ciki ba, ga shi kuwa wanda aka ba kyauta ya fi mai saye sakin jiki, tunda kunya ba ta barinsa ya juya kaya ya duba.

Kuɗin albasa na biya kaɗan-kaɗan. Duk sa'ad da na kai, taubashina zai karɓa ya ce "madalla" kamar baƙo, ba tsokana, ba bawa ba ubangida. Wannan ya fi biyan ciwo, ya kuma fi shi daɗewa.

Kawu bai kore ni ba, gatari ya miƙo mini. Yau ina tsaga, ina jira icce ya bushe, kuma ba na sa wa wuyan filafili fenti, man kaɗe kawai, don mai shi ya ga jijiya da idonsa. Kafin ya biya nakan sa shi ya danna da gwiwarsa. Wanda ya fito da ƙulli a wuya kuwa, komai wahalar da na sha a kansa, datse shi nake yi in fitar da muciya. In ita ta karye, tuwo kawai za a makara.